Barden bogi da mai sharhin bogi: shekara 25 da fitowar A Knight's Tale

Ranar 11 ga Mayun 2001 aka fara haska fim ɗin A Knight's Tale a gidajen sinima na Amurka, wato a 2026 shekararsa 25. Duk wanda ya kalle shi, a faifai ko a tashar tauraron ɗan Adam, zai tuna yadda ya buɗe: fili ya turnuƙe da ƙura, barade cikin kayan ƙarfe sun ja daga, talakawa kuma na kan katakai suna tafi suna buga ƙafa da kiɗan We Will Rock You na ƙungiyar Queen, waƙar da ba ta zo duniya ba sai 1977. Tun daga nan masu sharhi suka rabu biyu. Wasu suka ce an ci mutuncin tarihi, an ɗauki Turai ta ƙarni na 14 an mayar da ita filin ƙwallo. Wasu suka ce ai dama filin ƙwallon ne. Ni ina tare da na biyun, duk da cewa akwai inda na farkon suke da gaskiya.

Labarin ba mai sarƙaƙiya ba ne. William Thatcher ɗan mai baibayar ɗaki ne daga unguwar Cheapside ta Landan, yaron wani barde, Sir Ector. Ubangidan nasa ya cika ana tsakiyar gasa, saura karo ɗaya ya lashe kyauta, ga yunwa ta ci yaransa. Sai William ya zura kayan mamacin ya hau dokinsa, ya kuwa ci. Da ya ɗanɗana sai ya ƙi sauka. Matsalar ita ce ba a yarda kowa ya riƙe mashi a fili ba sai mai takardar asali. A hanya suka yi kiciɓis da wani mutum tsirara haihuwar uwarsa, caca ta cinye masa har tufafi, ya ce sunansa Geoffrey Chaucer, marubuci ne, kuma in za a tufatar da shi a ciyar da shi zai tsara musu takardar jabu. Haka William ya koma Sir Ulrich von Liechtenstein na Gelderland.

Heath Ledger, haifaffen Perth ta Ostireliya, yana da shekara 21 lokacin da aka ɗauki fim ɗin a Jamhuriyar Czech a 2000. Kafin nan an san shi a The Patriot a matsayin ɗan Mel Gibson, amma wannan ne babban fim na farko da aka ɗora kacokan a kansa. Paul Bettany ne Chaucer, kuma a ganina shi ya fi kowa haskawa, musamman inda yake tsayawa gaban taro yana yi wa ubangidansa kirari har sai fili ya ɗauka. Rufus Sewell ne mugun, Count Adhemar. Shannyn Sossamon, wadda wannan ce babbar fitowarta ta farko, ita ce Jocelyn, sai Mark Addy da Alan Tudyk abokan tafiya, da Laura Fraser a matsayin Kate maƙeriya. Brian Helgeland ya rubuta ya kuma ba da umarni, mutumin da ya riga ya ci Oscar da rubutun L.A. Confidential.

Masu sukar sun ɗauka gasar barade wani taro ne mai natsuwa, na mutanen da ba su san kuɗi ba sai martaba. Rayuwar William Marshal ta ƙaryata wannan. An haife shi wajen 1146, ƙaramin ɗa ne a gidan da ba shi da gadon da zai ci, don haka ya mayar da gasa sana'a. A zamaninsa ba karon mutum biyu ake yi ba. Runduna biyu ce ke gwabzawa a gonaki da dazuzzuka tsakanin gari da gari, wanda ka kama kuwa dokinsa da sulkensa sun zama naka, sai ya biya fansa. Tarihin rayuwarsa, wanda aka rubuta bayan mutuwarsa a 1219, ya ce shi da wani abokin haɗin gwiwarsa, Roger de Gaugi, sun kama barade 103 cikin wata goma, kuma wani magatakarda ne ke riƙe da lissafin. Akwai ranar da aka zo ba shi kyauta, wani ƙaton kifi, aka neme shi a masauki aka rasa. Can aka same shi a maƙera, ya ɗora kai a kan uwar maƙera, maƙeri na fama da guduma da awartaki yana ƙoƙarin cire masa kwalkwalin da duka ya lanƙwasa a kansa. Wannan mutum ne ya ƙare a matsayin mai riƙon sarautar Ingila a 1216.

Coci ta ga yadda ake mutuwa a banza ta haramta gasar a taron Clermont na 1130, har ta hana a yi wa wanda ya mutu a cikinta jana'izar Kirista. Ba a daina ba. Sarki Richard na Ingila ya ga tun da ba ta hanuwa gara ta kawo kuɗi, a 1194 ya ware filaye biyar ya sa kuɗin shiga gwargwadon muƙamin mutum. Sai 1316 Paparoma John na 22 ya janye haramcin. Abin da ke da kuɗin shiga da 'yan kallo da masu kirari da gwanayen da ake bi gari gari, ban ga laifin wanda ya sa masa kiɗan da zai motsa jinin ɗan kallo na yau ba. Da an sa kiɗan goge mai taushi na manyan makaɗan Turai, kamar yadda aka saba a irin waɗannan finafinai, shi ma ai ba na ƙarni na 14 ba ne, sabo ne kawai ya sa kunne ba ya tuhumarsa.

Inda masu suka suka yi daidai shi ne a ƙananan abubuwa. Shingen katakon da ke raba dawakan biyu bai bayyana ba sai ƙarni na 15. Helgeland ya ce ya ajiye labarin ne a wasu watanni shida na farkon shekarun 1370 da ba a san inda Chaucer na gaske yake ba, amma a lokacin Yarima Edward, wanda ake kira Baƙin Yarima, da fim ɗin ya nuna yana sukuwa a ɓoye, ciwo ya riga ya kayar da shi, ya kuma mutu a 1376. Masun da ke tarwatsewa a ƙirjin barade kuwa na katako ne marar nauyi, an rarake cikinsu an cusa busasshiyar taliya don su yi ɓaraguzai masu kyau a hoto.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sunan da William ya ara, don Ulrich von Liechtenstein mutum ne na gaske. Ba ɗan Gelderland ta ƙasar Holan ba ne, ɗan Styria ne a Austriya ta yau. An haife shi wajen 1200, ya mutu a 1275, kuma takardun hukuma sun nuna shi babban mutum ne mai mata da 'ya'ya, ya riƙe muƙamin shugaban dakaru da na babban alƙalin lardi. Wajen 1255 ya kammala wani dogon littafin waƙe, Frauendienst, inda ya ba da labarin yadda ya yi wa wata matar aure mai sarauta hidima shekara da shekaru. Ya ce tun yana yaro ya sha ruwan da ta wanke hannu. Ya ce ta kushe leɓensa, ya tafi Graz aka yanka aka gyara. Ya ce ya ji rauni a yatsa a wata gasa, da ta yi shakkar girman raunin sai ya sa aka guntule yatsan ya aika mata. Sannan babbar tafiyar, wadda aka saba dangantawa da 1227: ya sa fararen tufafin mata da kitson gashi, ya kira kansa Venus, allahiyar soyayya ta Rumawa, ya taso daga wajen Venis ya nufi Vienna yana ƙalubalantar duk barden da ke kan hanya. Wanda ya karya mashi a jikinsa zai samu zoben zinariya. A lissafinsa ya karya masu 307 ya raba zobba 271.

Masanan ƙarni na 19 sun ɗauki wannan a matsayin tarihin rayuwa na gaskiya, hujjarsu kuwa ita ce garuruwan da ya lissafa na nan, kuma da yawa daga mutanen da ya ambata sun bayyana a takardun zamanin. Na baya sun yi tambaya mai sauƙi: ina wani shaida ban da shi kansa? Babban basarake ya ratsa ƙasashe cikin kayan mata yana rabon zinariya har tsawon makonni, amma babu marubucin tarihin zamanin da ya rubuta cewa ya gani. Ga shi kuma abubuwan da ya ce sun same shi, har da shiga cikin kutare don ya kusanci gidan matar, irinsu ne ke cike da tatsuniyoyin soyayya da fadodin lokacin ke saurare. Na fi gamsuwa da na bayan. Ulrich ya san gasa, wataƙila ma ya yi wata tafiya cikin shiga ta musamman, don barade na yin haka. Amma littafin nishaɗi ya rubuta wa abokansa, ya sa sunayensu a ciki don su ji daɗi, ya mayar da kansa gwarzon labari. Ko da sani ko ba da sani ba, Helgeland ya zaɓar wa bardensa na bogi sunan mutumin da shi ma ya ƙera wa kansa labari.

Ko ɗan talaka zai iya zama barde? A Jamus Sarki Frederick Barbarossa ya haramta wa 'ya'yan manoma da na limaman coci zama barade a 1186. A Ingila ƙofar ba ta rufu ruf ba, yaƙi kan ɗaga mutum. John Hawkwood, wanda ake cewa ɗan majemi ne daga Essex, ya zama barde ya kuma jagoranci sojojin haya a Italiya a zamanin Chaucer ɗin nan. Ta fagen fama irinsu suka bi, ba ta takardar jabu ba.

Jabun da ya jawo shari'a kuwa a wajen allo aka yi shi. Tallace-tallacen fim ɗin sun ɗauko yabon wani mai sharhi, David Manning na jaridar The Ridgefield Press ta jihar Connecticut, yana kambama Ledger a matsayin sabon tauraron shekara. A watan Yunin 2001 John Horn na mujallar Newsweek ya bincika ya gano jaridar na nan, amma ba ta san wani Manning ba. A sashen talla na kamfanin Sony, mai Columbia Pictures da ya fitar da fim ɗin, aka ƙirƙire shi, kuma ya yabi wasu finafinan kamfanin irin su Hollow Man da The Animal. Abin takaicin shi ne Ledger bai buƙaci wannan ba, wasansa ya isa ya tsaya da ƙafarsa. An dakatar da ma'aikata biyu, a 2005 kuma Sony ta amince ta biya dala miliyan 1.5, inda wanda ya kalli ɗaya daga cikin finafinan a sinima zai iya karɓar dala 5.

Fim ɗin ya ci kusan dala miliyan 65 ya kawo kusan miliyan 117. Bettany ya ci gaba har ya zama Vision a finafinan Marvel. Ledger, wanda bai ji daɗin yadda aka lulluɓe allunan talla da fuskarsa ba, ya juya zuwa rawa masu nauyi da ba su dogara da kyan fuska ba. Ya rasu a New York ranar 22 ga Janairun 2008 yana da shekara 28, sakamakon haɗuwar magungunan likita da ya sha ba da nufin kashe kansa ba. Shekara guda bayan haka iyayensa da 'yar'uwarsa suka karɓi Oscar a madadinsa saboda rawar Joker a The Dark Knight.