Sankarar Ƙoda ga Masu Wankin Ƙoda: Abin da ke Yanke Makomar Majinyaci

Ƙodar da ta daina aiki ba ta daina canzawa. Idan mutum ya daɗe a kan wankin ƙoda, ƙananan ƙullutai masu ruwa kan tsiro a ƙodojinsa, kuma daga cikinsu sankara kan ɓulla. Saboda haka haɗarin kamuwa da ita ya ninka na sauran jama'a, yana kuma ƙaruwa da yawan shekarun wanki. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sankarar da ke tasowa daga waɗannan ƙullutai a matsayin nau'i mai zaman kansa.

Alamomi

Alamomin da aka sani su ne jini a fitsari, ciwo a kwiɓi, rama da zazzaɓi. Sai dai mai wankin ƙoda ba ya yawan fitsari, don haka cutar kan ɓuya. Galibi a hoton ciki ake gano ta.

Makoma

Babban ma'auni shi ne matakin da aka gano cutar. Ƙarin da bai wuce santimita 7 ba, kuma bai fita daga ƙoda ba, yana mataki na farko, kuma tiyata kan warkar da mafi yawansa. Likitoci kan cire ƙodar gaba ɗaya, tunda dama ba ta aiki, sannan su ci gaba da sa ido a kan ɗayar, domin cutar kan kama duka biyun.

Al'amarin yakan tsananta idan sankarar ta bazu zuwa huhu ko ƙashi, ko kuma majinyaci ya haura shekara 10 yana wanki. A wannan mataki magungunan zamani kan rage mata gudu, amma da wuya su kawar da ita. Ban da haka, ciwon zuciya ne ya fi kashe masu wankin ƙoda, saboda haka lafiyar zuciya na cikin lissafi.

A Zuru

Mazaunin Zuru da ake zargin yana da cutar yana buƙatar ƙwararren likitan mafitsara, kamar waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mai shirin dashen ƙoda, aikin da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002, dole a duba ƙodojinsa tukuna, domin magungunan bayan dashe na raunana garkuwar jiki. Wanda ya shekara uku yana wanki ya kamata ya tuntuɓi likitansa kan yin hoton ƙoda lokaci zuwa lokaci.