Hawan Sallah a Kano: Abin da Baƙo Ba Ya Gani

A birnin Sebil na ƙasar Sifen akwai wani biki da ake yi kusan kowane watan Afrilu. Baƙi sukan zo daga nesa su yi kwana biyu ko uku, su kalli mahaya da kekunan doki, su koma gida. Kaɗan daga cikinsu ne suka san cewa bikin ya soma ne a 1847 a matsayin kasuwar dabbobi. Haka biki yake: kwalliyarsa takan rufe asalinsa. Hawan Sallah na Kano ma haka ne.

Tarihin Kano ya danganta yawancin kayan sarautar da ake gani a hawa ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi aka ce ya fara kakaki da figini da dawakin zage. A zamanin dā doki shi ne ƙarfin ƙasa. Idan masu sarauta suka hau da jama'arsu, sarki yakan ga yawan dawakinsa, ya ga wanda ya zo da wanda ya ƙi zuwa. Jafin da ake yi a Ƙofar Kudu, inda mahaya ke sukuwa su ja linzami a gaban sarki su yi jinjina, sabunta mubaya'a ne, ba wasa ba.

Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sai suka ga amfanin wannan al'ada. Suka laƙaba mata sunan daba, kalmar da suka zo da ita daga Indiya. Suka tara sarakuna a Kano a 1913, suka sake yi a 1925 don Yariman Ingila, sannan a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth. Dawakin yaƙi suka zama na tarbar baƙi. Har yanzu tsarin kwanakin yana ɗauke da wannan tarihi. A Hawan Daushe sarki yakan je Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa. A Hawan Nasarawa kuwa yakan je gidan gwamnati, ziyarar da a dā Razdan ake kai wa.

Duk da haka asalin bai mutu ba. A 2020 annobar korona ta hana hawa, mutane suka yi haƙuri. Amma a Babbar Sallar 2024 'yan sanda ne suka hana, saboda takaddamar sarauta tsakanin Muhammadu Sanusi na Biyu da Aminu Ado Bayero. Da hawa kallo ne kawai, da babu abin tsoro. Matsalar ita ce, duk wanda aka yi wa jafi, shi aka amince da shi sarki. Masu dawaki, da maɗinka, da maroƙa, da masu sayar da abinci, duk suka yi asara.

A watan Disamba na shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Wannan abin alfahari ne ga Kanawa. Sai dai takardar yabo ba ta ɗaura wa doki sirdi. Hawa yana bukatar gari mai kwanciyar hankali, da jama'ar da ta yarda da wanda za ta gaisar.