Daga Ina Kunkunniyar Cikin Bututun Iskar Motarka Take Fitowa?

Mai karatu, idan kana da mota mai turbo, kuma ka taɓa cire bututun shaƙar iskar da ta zo da shi daga kamfani ka sa na kasuwa, irin na alminiyam ɗin nan mai ƙyalli, wataƙila ka gamu da wannan. Bayan 'yan watanni ka kwance bututun, ka zura yatsa ciki, sai ya fito baƙi ƙirin da maiƙo, kamar ka shafo gindin tukunya. Ai iska mai tsabta ce kaɗai ya kamata ta bi ta nan, to wannan kunkunniya daga ina? Amsar tana da tarihi, kuma tarihin ya faro ne daga birnin Los Anjeles na Amurka.

Ranar 26 ga Yuli, 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen birnin suka wayi gari cikin wani hazo mai yaji, idanu na ta hawaye, maƙogwaro na ƙaiƙayi. Wasu har sun ɗauka Japan ce ta kawo hari da iskar guba. Aka ɗora laifin kan wata masana'antar sinadarin roba, aka rufe ta, amma hazon bai daina dawowa ba. Sai a farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit na jami'ar Caltech, wanda a da ƙamshin abarba yake bincike a kai, ya gano bakin zaren. Ya nuna cewa tururin fetur da bai ƙone ba, idan ya haɗu da iskar naitirojin oksaid a ƙarƙashin hasken rana, shi ke zama wannan hazo. Babbar mai laifin kuwa ita ce mota.

Da aka bi diddigi, sai aka ga ashe salansa ba ita kaɗai ce ƙofar hayaƙi ba. Duk lokacin da fetur ya kama wuta a saman fistin, wani ɓangare na hayaƙin yakan sulale ta gefen ringi ya gangara ƙasan inji, inda baƙin mai yake kwance. Idan aka bar shi can, zai lalata man, ya kuma tura shi waje ta kowace kafa. Dabarar mutanen da mai sauƙi ce: su sa wani bututu da ya leƙo ƙarƙashin mota, iskar gudu ta riƙa zuƙe hayaƙin tana watsarwa. Shi ya sa tsakiyar layin titunan wancan zamani yakan yi baƙi da ɗigon mai.

Daga motocin 1961, jihar Kalifoniya ta fara ganin wani sabon tsari da ake kira PCV. Maimakon a zubar da hayaƙin a titi, sai a ja shi da tiyo a mayar cikin hanyar iskar inji ya sake ƙonewa. Kafin 1964 galibin sababbin motocin Amurka sun zo da shi. Ka lura da kyau, domin a nan ne aka buɗe wa datti ƙofar farko: wannan hayaƙi yana tafe da tururin baƙin mai, da danshi, da burbushin gawayi.

Ƙofa ta biyu ta biyo bayan dokar tsabtace iska ta 1970. Naitirojin oksaid yana samuwa ne idan zafin cikin silinda ya yi yawa sosai. Don a rage zafin, wajajen 1973 aka yawaita sa bawul ɗin EGR, mai ɗibar kaɗan daga hayaƙin salansa ya mayar wa inji ya shaƙa. Dabarar ta yi aiki, sai dai hayaƙin salansa, musamman na dizal, cike yake da gawayi. Busasshen gawayi shi kaɗai yakan wuce abinsa. Amma idan ya tarar da bango mai maiƙo, sai ya manne, ya yi ta taruwa har ya zama kamar kwalta.

To ina turbo ya shigo? Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar tun 1905, amma sai 1962 ta shiga ƙananan motocin kasuwa da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Aikin turbo shi ne ya cusa wa inji iska da ƙarfi, ƙarfin da ke sa hayaƙi mai yawa ya sulale ta ringi. Sannan yayin da yake cusawar, matsin iskar da ke gabansa ba zai bari hayaƙin ƙasan inji ya shiga ta tsohuwar hanya ba. Dole aka yi masa hanya ta biyu, aka jona tiyonta a bututun da ke tsakanin filta da bakin turbo, inda ake zuƙa kullum. Wannan shi ne daidai bututun da ka canza. Na kamfani baƙar roba ce, ba ta nuna datti. Naka mai ƙyalli ne, shi ya tona asirin.

Akwai ƙari. Wasu filtocin kasuwa na auduga ne da ake shafa wa mai, kuma idan man ya yi yawa yakan bi iska ya shiga ciki. Idan kuma filtar a buɗe take cikin bonet, ko matsewarta ba ta yi kyau ba, ƙurar hanya, balle ta hunturu, za ta samu maiƙon da za ta liƙe a kai.

Matsalar ta ƙara tsanani daga 1996, lokacin da Mitsubishi ya fito da injin GDI mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda, sauran kamfanoni suka bi sahu. A tsohon tsari, fetur yana wanke bayan bawul ɗin shigar iska a kowane zagaye. A sabon, babu mai wankewa. Dattin sai ya gasu ya daskare a kan bawul, mota ta fara karkarwa a tsaye, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. A Turai da Amurka har da niƙaƙƙen ɓawon gyaɗar walnat ake fesawa a kankare shi. Toyota kuwa tun 2005 ya fito da inji mai nozul biyu a kowace silinda, ɗaya a ciki, ɗaya a hanyar iska.

Me ya kamata ka yi? Ɗan maiƙo baƙi siriri a bango ba abin tayar da hankali ba ne, haka tsarin yake. Amma idan ka ga mai ya kwanta har yana ɗiga, ko shuɗin hayaƙi na fita ta salansa, ko kana yawan ƙara baƙin mai, to a duba bawul ɗin PCV tukuna domin shi ya fi araha, sannan turbo, sannan ringi. Ka riƙa juye mai a kan lokaci. Wasu sukan sa ɗan gwangwanin tarar mai a kan tiyon, yana kuma taimakawa in ana zubar da shi.

Abin da ba za mu ba ka shawara ba shi ne wanda wasu ke yi, wato a cire tiyon a bar shi yana huci a waje, ko a toshe shi gaba ɗaya. Toshewa na iya sa mai ya ɓalle ta sil-sil na inji. Sakinsa kuwa komawa ne ga bututun da aka yi watsi da shi shekara sittin da suka wuce, kuma wanda ke bayanka a cunkoso, mai babur ko yaro mai talla, shi zai shaƙi abin da ka ƙi bari injinka ya ƙona.