Daga Mai Shela Zuwa Wayar Hannu: Yadda Labarin Lafiya Ke Yawo a Garwa

Takardar sanarwar rigakafi takan baro Yawunde da Faransanci. Kafin ta isa kunnen uwar da ke daka a unguwar Fulɓere ko Yelwa a birnin Garwa, sai ta ratsa bakuna da dama: likitan gunduma, mai fassara a gidan rediyo, lawan, jauro, limamin unguwa, sannan matar da za ta yi sallama ta shiga gidan. A kowane baki tana iya ƙaruwa, tana iya raguwa, tana kuma iya juyewa gaba ɗaya. Masu aikin wayar da kai kan lafiya a arewacin Kamaru sun daɗe da sanin cewa a wannan hanya ake cin nasara, a nan kuma ake faɗuwa, tun kafin a buɗe akwatin allura.

Aikin ya girmi rediyo. A zamanin Turawan Faransa, ayarin likitoci ne ke bin ƙauyuka, irin tsarin da Eugène Jamot ya shahara da shi a yaƙi da ciwon barci a kudancin ƙasar cikin shekarun 1920. A arewa, ba a tara jama'a sai ta hannun fada. Lamiɗo ya ba lawan umarni, lawan ya ba jauro, mai shela ya zaga da ganga yana cewa gobe kowa ya fito da iyalinsa. Aka yi wa mutane lambar agana, wadda tabonta ke nan a damtsen dattawa har yau. Amma fitowar ta dole ce, ba wanda ya tsaya yi wa talaka bayanin abin da ake tsaga masa a fata. Wani ɓangare na zargin da ake fama da shi yanzu, daga can aka gado shi.

Rediyon Garwa ya fara aiki a ƙarshen shekarun 1950, dab da samun 'yancin kai, kuma ya yi tashe a zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan garin da ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982. Yana magana da Fulatanci da Hausa ban da Faransanci, kuma a wancan zamani gajeren zangonsa bai san iyaka ba, don ana kama shi a ƙasar Adamawa ta Najeriya har gaba. Mutane sun so shi ne saboda gaishe-gaishe, sanarwar rasuwa, cigiyar dabba da kiɗan gargajiya. A tsakanin waɗannan ne ake cusa maganar ƙyanda da tsaftar rijiya. Dabarar tana da kyau: wanda ya kasa kunne don ya ji an ambaci sunansa, ba zai kashe akwatin ba don an ce ya kai yaro asibiti.

Daga baya fili ya buɗe. Dokar sadarwa ta 1990 da umarnin shekarar 2000 suka ba da damar kafa gidajen rediyo masu zaman kansu, aka samu tashoshin FM irin su Radio Salaaman a Garwa, ga kuma jaridar L'Œil du Sahel da ta mai da labarin jihohin arewa uku abin aikinta. Ƙananan tashoshin karkara suka shigo da harsunan da babban gida ba ya iya ba su lokaci sosai. Fulatanci ne harshen kasuwa a nan, gaskiya ne, amma tsohuwar Fali ko Gidar ko Tufuri ta fi yarda da abin da ta ji da harshen da take yi wa jikanta faɗa.

Fassara kuwa ita ce wuyar aikin, kuma ba a cika yaba wa masu yin ta ba. A ɗauki ruwan gishiri da sukari, wanda ake ba mai gudawa idan ba a samu na ƙunshi ba. A takarda abu ne mai sauƙi: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. To, wane cokali? A gida da yawa cokali ɗaya ne, na shan kunu, kuma idan aka auna gishiri da shi an cuci yaron. Wace lita, a gidan da ake awo da moɗa? Mai gabatarwa na gari yakan nemi kwalbar da kowa ya sani a shago, ya ce a cika ta, ya kuma maimaita sau uku cewa ruwan kada ya fi hawaye gishiri.

Kwalara ce ta fi kowace cuta koya wa wannan fanni darasi. Ta shigo yankin Tafkin Cadi a 1971, tun daga nan take komowa da damina. A 2010 ta ɓarke a jihar Arewa Mai Nisa ta gangaro, kuma a wannan shekara kaɗai ta kama fiye da mutum 10,000 a Kamaru, ta kashe fiye da 600. A 2011 adadin masu kamuwa ya ninka. Faɗin a wanke hannu da sabulu ba wuya. Abin da ya gagara shi ne gawa. Jikin wanda kwalara ta kashe yana ɗauke da cutar, jami'an lafiya suna so a fesa sinadarin kulorin a binne da wuri, dangi kuwa suna so su yi wa mamacinsu wanka da sutura kamar yadda addini ya tanada. Inda aka zo da ƙarfin hukuma, sai mutane su riƙa ɓoye marasa lafiya a ɗaka. Inda aka zauna da limamai aka daidaita, wato mutum kaɗan su yi wankan da safar hannu da ruwan magani, a yi salla, a rage taro, sai a ga ana kawo masu amai da gudawa tun da sauran ƙarfinsu. Wannan ilimi ba daga littafi aka same shi ba, rayuka aka biya.

Garwa ta taɓa samun wani abu da ba kowane gari ke samu ba. Alim Hayatu ya riƙe muƙamin ƙaramin ministan lafiya na Kamaru tun 1996, ya hau gadon Lamiɗon Garwa a 2000, ya haɗa biyun har rasuwarsa a watan Afrilun 2021. Rawani da ma'aikata a kan mutum ɗaya. Duk da haka ko maganar fada ba ta isa ita kaɗai ba. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, jita-jitar cewa ɗigon yana hana haihuwa ta bi motocin kasuwa ta tsallako iyaka ba tare da ta nuna takarda ba, cutar ma ta biyo ta zuwa ƙasashen maƙwabta. Shekaru aka kwashe ana bi gida-gida, ana shafa wa yara tawada a ɗan yatsa, ana rubutu da alli a jikin ƙofa, kafin a watan Agustan 2020 a bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

Rigakafin sanƙarau kuwa ya zo da sauƙi. Da aka kawo allurar MenAfriVac jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa a ƙarshen 2011, ba a sha wahalar lallashi ba, don duk wanda ya yi bazara a wannan ƙasa ya san abin da sanƙarewar wuya ke nufi.

Yau nauyin ya fi sauka a kan ma'aikatan sa-kai na unguwa, da yawansu mata, domin su ne ke shiga gidan da aka rubuta wa "ba shiga". Tun 2016 suke raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata, a watannin ruwa. Na ranar farko a gabansu ake sha. Na rana ta biyu da ta uku ana bar wa uwa, kuma a nan ne aikin ke tsayawa ko ya rushe: idan yaro ya yi amai ta tsorata, sai ta jefa sauran a bayan randa. Dole a faɗa mata tun farko abin da za ta iya gani da abin da za ta yi. Su ne kuma ke bayyana takardar Chèque santé da aka fara a jihohin arewa a 2015, wadda da sefa 6,000 take ɗaukar awon ciki da haihuwa, har da fiɗa idan ta kama, zuwa kwana 42 bayan sauka. Mijin ne sau da yawa ake bukatar shawo kansa, ba matar ba. Abin takaici, waɗannan mata suna yawo a rana da taɓo a kan ɗan ihsani da bai kai wahalarsu ba, wani lokaci ma sai an jira shi.

Abokin gasarsu yanzu yana cikin aljihu. Saƙon murya na WhatsApp ba ya bukatar iya karatu, kuma wanda aka ɗauka a Yola da safe yana iya isa kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi kafin azahar. An ga haka a lokacin korona. Masu wayar da kai da suka fahimta sun daina jiran lokacin shirinsu, suna naɗar amsa da muryar likita ko limamin da aka sani, su tura ta hanyar da ƙaryar ta biyo.

A ranar 22 ga Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa allurar zazzaɓin cizon sauro cikin jerin rigakafin yara na yau da kullum, a gundumomin lafiya 42. Sau huɗu ake yin ta: yaro yana wata 6, wata 7, wata 9, sai ta ƙarshe idan ya cika shekara biyu. Tsakanin ta uku da ta huɗu akwai wata 15. A cikinsu an yaye yaron, wataƙila an kai shi wurin kaka a ƙauye, uwar kuma tana da wani goyon. Wadda za ta tuna da sunansa, ta nemo katinsa, ta sake yin sallama a ƙofar gidan, ita ce matar nan mai alli a hannu.