PHP

PHP harshen shirya manhaja ne da ake gina shafukan intanet da shi. Rasmus Lerdorf ne ya ƙirƙiro shi a 1994, ya sake shi ga jama'a a 1995. Aikinsa a kan sabar yake: idan mutum ya buɗe shafi, PHP ne ke ɗauko bayanai daga rumbun ajiya irin MySQL, ya haɗa shafin HTML, sannan ya aika wa mai karatu.

Abin da ya raya PHP har yau shi ne sauƙin farawa da arhar masaukin shafi. Da PHP aka rubuta WordPress a 2003, da MediaWiki da Wikipedia ke tafiya a kanta, da Facebook na farko a 2004. Masu suka na cewa tsarinsa a hargitse yake, sunayen umarninsa ba sa bin ƙa'ida ɗaya. Wannan gaskiya ne, domin a hankali aka yi ta ƙara masa abubuwa ba tare da shiri ba. Sai dai fitowar Laravel, wani tsarin gina shafuka da PHP, a 2011 da PHP 7 a 2015 ta kawo tsari da saurin aiki, don haka sukar ta fi dacewa da tsohon PHP.