Fitilar Keke da Tafiyar Dare: Bayani ga Masu Keken Guragu da Iyalansu

Idan kana hawan keken guragu, ko kana da ɗan uwa da ke hawa, ka san ba kullum tafiya ke ƙarewa da rana ba. Akwai mai tashi daga kasuwa bayan Magariba, akwai mai zuwa Isha'i a Masallacin Juma'a da ke kusa da Fadar Sarkin Zazzau a Kwarbai, akwai kuma mai fita tarawihi da tahajjud a watan azumi. Wannan bayani zai nuna maka irin fitilar da ta dace, inda ake ɗaura ta, da abin da za a yi idan haɗari ya auku. Mai keke mai taya biyu ma zai amfana da mafi yawansa.

Me ya sa keken guragu ya fi shiga haɗari da dare?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Mai keken guragu yana cikin wannan rukuni, kuma yana da ƙarin matsaloli guda uku.

Na farko, kujerarsa tana ƙasa. Mota guda ko A Daidaita Sahu guda ta isa ta rufe shi gaba ɗaya, direban babbar mota kuwa yana iya kallon gabansa bai hango shi ba. Na biyu, keken ya fi keke mai taya biyu faɗi, wanda ya hango ɗigon haske ɗaya sai ya zaci siririn abu ne, ya zo gilmawa ya bugi tayar gefe. Na uku, da hannu ake tuƙi, da hannu ake juya kai, da hannu ake kama birki, saboda haka kauce wa abu farat ɗaya yana da wuya.

Ka duba wannan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya gane abin da ke gabansa ya taka birki, daƙiƙa ɗaya ko fiye ta wuce, sannan motar za ta ƙara ja kafin ta tsaya. Idan sai ya zo dab da kai ya gan ka, birki ba zai yi amfani ba. Aikin fitila shi ne ta sa ya gan ka tun daga nesa.

Fitila tana da aiki biyu

Aiki na farko shi ne ka ga hanya. A lungunan cikin birni, musamman idan an ɗauke wuta, akwai ramuka da lambatu a buɗe da duwatsu da dabbobi a kwance. Aiki na biyu shi ne a gan ka. Wannan ya fi muhimmanci da zarar ka fito babban titi, kamar wajen Ƙofar Doka ko hanyar Tudun Wada, inda motoci da babura ke gudu. Mutane da yawa suna riƙe tocila don aiki na farko kawai, su bar bayansu cikin duhu, alhali daga baya ne motar da ba ka gani take zuwa.

Irin fitilar da ake buƙata

A gaba, farar fitila. A baya, jar fitila. Kada ka juya launukan, domin direba yana ɗaukar farin haske a matsayin abin da ke tahowa, ja kuma abin da ke tafiya a gabansa.

Ana auna ƙarfin hasken fitila da lumen, kuma akan rubuta shi a jikin kwali. Mai lumen 100 ta isa a gan ka a titi mai fitilu. Don ganin hanya a lungu mai duhu, nemi mai lumen 300 ko fiye.

Fitilar caji ta fi sauƙin kuɗi idan an daɗe ana amfani da ita, amma ka riƙa caja ta duk lokacin da aka kawo wuta, ka kuma ajiye ƙaramar tocila ta ko-ta-kwana. Fitilar dainamo ta tsofaffin kekuna tana dusashewa idan gudu ya ragu, ta mutu idan an tsaya, don haka ba ta wadatar da mai tuƙi da hannu. Hasken waya kuma ba fitilar keke ba ne: yana cinye hannu ɗaya, ba ya kai wa nesa.

Inda za a ɗaura fitila

Fitilar gaba: a ɗaura ta a ƙarfen da ke saman tayar gaba, inda hannuwanka ba za su riƙa tare ta ba. A ɗan sunkuyar da ita ta haska ƙasa 'yan mitoci a gabanka. Idan ta daki idon mai tahowa, ka makantar da shi na ɗan lokaci, kuma kai ne a gabansa.

Fitilun baya: a sa guda biyu, ɗaya a kowane gefe, don direba ya gane faɗin keken. Ka tabbatar kaya ko babbar riga ko mayafi ba su rufe su ba.

Sanda mai tuta: wannan shi ne gyaran da ya fi amfani ga keke mai ƙasa. Ka sa mai walda ya yi maka mazaunin siririyar sanda a bayan kujera, tsayinta ya wuce rufin ƙaramar mota, a ɗaura mata ƙyalle mai launin lemo da ƙaramar jar fitila a sama. Ko mota ta rufe ka, za a hango tutar. Jar fitila mai ƙiftawa tana jan hankali, amma tana sa a kasa gane nisa. Shi ya sa ya fi kyau ta sama ta riƙa ƙiftawa, na ƙasa su tsaya a kunne.

Abin ƙyalli: a manna salatif mai ƙyalli a baya da gefunan keken da jikin tayoyi, domin fitilar gaba da ta baya ba sa nuna ka ga mai fitowa daga gefe a mararraba. Rigar ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya tana taimakawa. Ka ɗaura abin ƙyalli a wuyan hannuwanka ma: ido yana saurin kama abin da ke motsi, kuma hannunka ne ke juyawa. Sai dai ka sani abin ƙyalli ba ya aiki sai haske ya dake shi. Babur marar fitila ba zai gan ka da shi ba, don haka ba ya maye gurbin fitila.

Yadda za ka tafi

Kunna fitila tun rana na shirin faɗuwa, da kuma bayan Asuba har gari ya waye sosai. A lokacin hazon hunturu da ruwan damina, kunna ko da rana ne. Bi hannun dama tare da motoci, kada ka fuskance su. Kafin ka fito daga lungu ka tsaya, ka buga ƙararrawa. Ka duba birki kafin ka fita, ka sa hular kwano idan kana da ita. Idan fitilar mota ta dake ka, ka mai da kallonka gefen hanya na dama, ka rage gudu.

Lafiyarka da tafiyar dare

Idan kana gani sosai da rana amma da dare sai ka riƙa laluɓe, wannan dundumi ne, kuma yana iya zuwa daga ƙarancin sinadarin bitamin A ko wasu cututtukan ido. Idan fitilun motoci suna watsuwa a idonka kamar hazo, ana iya zargin yanar ido. Mai ciwon suga ya kamata a duba masa ido aƙalla sau ɗaya a shekara. Wasu magungunan mura da ƙaiƙayi, irin su Piriton, da magungunan ciwo masu ƙarfi irin su tramadol, suna sa barci da sanyin jiki. Kada ka hau titi bayan ka sha su. Mai farfaɗiya ya tattauna da likitansa kafin ya riƙa fita shi kaɗai da dare.

Idan haɗari ya auku

A haska wurin don kada wata mota ta ƙara afkawa. A kira lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, 122, ko lambar gaggawa, 112. Idan yana kukan wuya ko baya, kada a lanƙwasa shi ko a ɗora shi a babur. A danne inda jini ke fita da ƙyalle mai tsabta. Kada a ba wanda ya suma ruwa.

A gaggauta kai shi asibiti idan ya bugu a kai kuma ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci mai nauyi da ruɗewa, ko jijjiga, ko jini ko ruwa yana fita daga hanci ko kunne. Waɗannan alamu suna iya bayyana bayan sa'o'i, don haka a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan yana kusa da mutanen cikin birni, manyan raunuka kuma akan tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Ƙafar da shan inna ya taɓa ƙashinta ba shi da ƙwari, tana iya karyewa da ƙaramar faɗuwa, don haka a ɗauki hoto kafin a je wurin mai ɗori. Wanda ya sami rauni a laka kuma ba ya jin ƙafafunsa, a duba masa su da kyau, domin yana iya yin rauni bai sani ba. Duk raunin da ƙasa ko tsatsa ta shiga, a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a je a tambayi allurar rigakafin tetanus.

Ga iyali

Ku ɗauki nauyin caja fitilun kamar yadda kuke caja waya. Yau da dare ku fitar da keken ƙofar gida, ku kunna fitilunsa, mutum ɗaya ya koma baya taku hamsin ya duba ta gaba, ta baya da ta gefe. Duk ɓangaren da bai gani ba, direba ma ba zai gani ba, sai a gyara shi kafin fita ta gaba.