Daga Gadar Lugga zuwa Sifawa: Yadda Hukumar Adana Kayan Tarihi Ta Kafu

A birnin Landan akwai gadar Tower Bridge da aka buɗe a 1894, zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda tsakiyarta ke ɗagawa sama jirgin ruwa ya wuce. Mu a Arewa tamu gadar ba ta ɗagawa, amma ta yi abin da ya fi haka: ta yi ƙaura daga gari zuwa gari.

A 1904, shekara guda bayan Turawa sun ci Sakkwato, Gwamna Lugga ya sa aka kafa wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa a Zungeru, hedikwatar Arewa ta wancan lokaci. Bayan mulki ya koma Kaduna, aka kwance ta, aka sake haɗa ta a lambun da ake kira Gamji, kusa da kogin Kaduna. A 1956 gwamnati ta sanya ta cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Hukumar da ta yi wannan aiki ta fara ne da mutum ɗaya. A 1943 aka naɗa Kenneth Murray, malamin zane, ya riƙa zagaya ƙasa yana tattara bayanan kayan gargajiya. Gidan tarihi na farko ya buɗe a Esie a 1945, na Jos ya biyo baya a 1952 ta hannun Bernard Fagg. Dokar 1953 ce ta ba aikin haƙora, domin ita ta ba da ikon ayyana gini ko wuri a matsayin abin da ba a taɓawa sai da izini. Da wannan iko aka kare hasumiyar Gobarau ta Katsina da Gidan Makama na Kano, sannan a 1964 aka ƙara da kufan Surame, birnin Kanta na Kabi. A 1979, shekarar da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki, Doka ta 77 ta haɗe sassan aikin wuri guda, aka sami Hukumar Kula da Gidaje da Wuraren Tarihi ta Ƙasa.

To, me ya haɗa wannan aiki da Sifawa da Boɗinga? A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Gadar Lugga ta tsira ne don ƙarfe ce, ana kwance ta a ɗauka. Tarihin Sifawa kuwa da jar ƙasa aka gina shi, kowace damina tana cin rabonta. Ba a ɗaukarsa zuwa lambu a Kaduna. Sai dai masu yaɓe da masu doka su je su same shi inda yake.